Wa Ke Da Ikon Buɗe Littafin Maganinka?

Masu cewa data ba ta isar su sauraron murya, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba. Waɗanda suka saurara kuma suka ji ƙarar inji a bayana, ku yi haƙuri, daga gida Talata Mafara na ɗauki shirin, lokacin ban ruwa ne, injin maƙwabci ba ya san ana ɗaukar murya.

Yau maganar takarda za mu yi. Takardar da ake rubuta irin maganin da aka ba ka, da yawansa, da ranar da aka ba ka, da wanda ya rubuta maka shi. Na san wani zai ce wannan ai maganar ma'aikatan asibiti ce, me ya shafe ni. To bari in ba ku labari biyu tukuna, dukansu a gabana suka faru, sai ku faɗa mini da kanku ko ya shafe ku.

Ina da ƙane, ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, tare muka tashi gida ɗaya. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin in kawo maganar nan. Yana da sikila, wato amosanin jini. Duk wanda ya taɓa zama da mai sikila ya san abin da nake nufi idan na ce ciwon ya tashi. Yaro mai haƙuri, wanda ko ƙaya ta soke shi a gona ba ya cewa wash, sai ka gan shi yana birgima a tabarma yana kiran sunan mahaifiyarsa, musamman idan hunturu ya shigo. A irin wannan hali ne aka fara yi masa wata allura mai suna pentazocine, wadda mutane ke ce wa penta. Farkon ba laifin kowa, a asibiti aka yi masa, likita ne ya rubuta, kuma ta yi aikinta, ya samu barci.

Abin da ya biyo baya shi ne matsalar. Allurar nan dangin su mofin ce, jiki yana sabawa da ita. A hankali ya koyi sunanta, ya koyi yadda ake tambayarta. Sai ya zama yana da wuri uku: wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan cikin gari, wani kemis a hanyar Bakura, da wani ma'aikacin lafiya ta wajen Maradun da ke yin allura a gida idan an kira shi. Kowanne a cikin ukun nan yana zaton shi kaɗai ke ba shi. Kowanne yana ganin yaro mai sikila, abin tausayi, allura ɗaya a mako ai ba komai. Ni ban yarda cewa dukansu mugaye ne ba. Ɗaya dai na san kuɗi yake nema, amma sauran biyun na tabbata tausayi ne ya ja su. Sai dai ɗaya da ɗaya da ɗaya, ga kuma wadda ya koma saye yana yi wa kansa a ɗaki, lissafin ya wuce inda kowa ke zato.

Shekara biyu ana haka. Ranar da asiri ya tonu, cinyarsa ce ta tona shi. Wurin allurar ya yi tauri kamar itace, ya fashe ya zama gyambon da ba ya warkewa, har ƙafar ta fara ƙin lanƙwasawa. Muka kwashe shi sai Sakkwato. Likitar da ta duba shi ta yi mana tambaya guda biyu: allura nawa yake sha a rana, kuma tun yaushe? Mu huɗu ne a tsaye, har da mahaifiyarsa, babu wanda ya iya amsawa. Shi kansa ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba. Ta ce to wa ya rubuta masa? Shiru. Ta ce akwai wata takarda, ko kati, ko rasit? Muka miƙa mata katin asibitin da aka fara kwantar da shi, wanda allura uku kacal ke rubuce a ciki. Ta dube mu ta ce, da a ce mutum na biyu ya ga abin da na farko ya ba shi, da ba ku zo nan da wannan ƙafar ba.

Wannan labari na ɗaya kenan. Ga na biyu, kuma shi ne ya sa na ƙi yarda in tsaya a kan cewa kawai a buɗe wa kowa takarda.

Wata yarinya a unguwarmu, 'yar mutunci, ta taɓa yin wata lalura tana ƙarama, irin wadda ake ba mutum maganin kwantar da ƙwaƙwalwa na wani lokaci. Ta sha, ta warke, shekaru sun wuce, har ta gama makaranta. Aka sa mata rana, an kawo lefe. Ashe wani ɗan'uwan angon yana aiki a wani asibiti a yankin nan, ba zan ce wanne ba. Ba likitanta ba ne, ba shi ke jinyarta ba, ba ta ma zo asibitin a wannan shekarar ba. Kawai ya shiga ɗakin ajiye fayil, ya nemo nata, ya karanta, ya ɗauki hoton shafin da waya, ya tura wa yayar angon. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari cewa 'yar ƙwaya ce, wasu suka ce mahaukaciya ce. Aka zo aka kwashe akwatuna. Mahaifinta dattijo ne, abin da ya ce kawai shi ne, “Wanga abu asibiti muka kai shi, ba kasuwa ba.” Har yau wanda ya yi wannan aiki yana bakin aikinsa.

To kun gani. A labarin farko wanda ya kamata ya gani bai gani ba. A na biyu wanda bai kamata ya gani ba shi ya gani. Kuma duk maganar dokar da zan kawo yanzu a tsakanin waɗannan biyun take yawo.

Bari mu fara da abin da dokar Najeriya ta ce, don da yawa daga cikinmu muna zaton babu doka. Akwai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, tana da sassa biyar a jere a kan wannan batu. Sashe na 25 ya wajabta wa duk mai kula da asibiti ya buɗe wa kowane majinyaci fayil kuma ya adana shi. Sashe na 26 ya ce duk wani bayani game da lafiyarka, da jinyarka, da zamanka a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da yardarka a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta buƙata, ko idan yaro ne iyayensa ko mai riƙonsa suka nema, ko wanda ba ya cikin halin da zai iya ba da izini wakilinsa ya nema, ko kuma idan ɓoye bayanin zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Ku duba da kyau, babu inda aka ce sai idan ɗan'uwanka zai aure ta.

Sashe na 27 shi ne wanda na fi so ma'aikatan lafiya su ji. Ya ba ma'aikacin lafiya damar ya isar da bayanin majinyaci ga wani ma'aikacin lafiya ko wani asibiti, matuƙar cikin aikinsa ne kuma don amfanin majinyacin ne. Wato da mai ƙaramin asibitin nan ya ɗaga waya ya kira asibitin da aka fara kwantar da ƙanena ya ce, yaron nan yana yawan zuwa neman penta, me kuka sani a kansa, bai karya doka ba. Doka ba ta hana shi ba, shi ne dai bai yi ba. Sashe na 28 ya ce mai jinya yana duba fayil ɗinka don yi maka magani da izininka, idan kuma don bincike ne ko koyarwa sai an haɗa da izinin shugaban asibiti da kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike, sai fa idan an cire duk abin da zai nuna ko kai wane ne. Sashe na 29 kuma ya ɗora wa shugaban asibiti nauyin hana wanda ba shi da hurumi kaiwa ga fayil, ya kuma sa hukunci a kan wanda ya shiga ba izini, ko ya kwafa, ko ya sauya abin da ke ciki: ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Tarar dai a 2014 kuɗi ce, yau ko sabon babur ba za ta saya ba, amma shekara biyu a gidan yari har gobe shekara biyu ce.

Bayan wannan, a watan Yuni na 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin jerin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma kafa hukumar da ake kai wa ƙara. Saboda haka wancan mai ɗaukar hoton fayil da waya, doka biyu ya taka, ban da ƙa'idar aikinsa.

Wancan ɓangaren fayil ɗin majinyaci kenan. Akwai kuma wani littafi na daban da mutane ba su cika sani ba, littafin maganin kansa. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti wataƙila ya lura da wani kabad da ake kullewa, makullin yana hannun babbar nas mai aiki a lokacin. Ma'aikata suna ce masa kabad ɗin DDA, sunan ya samo asali ne daga Dokar Magunguna Masu Haɗari ta 1935, tun zamanin Turawa. A ciki ake ajiye irin su mofin da petidin. Duk kwalbar da ta fita sai an rubuta ta: ranar, sunan majinyaci, yawan da aka ba shi, likitan da ya rubuta, wanda ya yi allurar, da abin da ya rage. Idan masu aikin safe za su miƙa wa na yamma sai an ƙirga. Kantin magani mai rajista, wanda ƙwararren mai harhaɗa magunguna ke riƙe da shi, shi ma doka ta ɗora masa ajiye littafin irin waɗannan magunguna da takardun likita da ya bayar da su a kansu. Masu sa ido na Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna, PCN, da na NAFDAC suna da ikon shiga su duba.

Kemis ɗin unguwa kuwa, wanda yawancinmu a ƙauyukan Bakura da Maradun shi ne likitanmu, shi ne nas ɗinmu, shi ne komai namu, lasisinsa bai ba shi damar sayar da irin waɗannan magunguna ba sam, bai kuma ba shi damar yin allura ba. Magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba, su kaɗai aka yarda masa. Sabuwar dokar PCN ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ƙara fayyace cewa masu kemis suna ƙarƙashin hukumar. To ka ga wanda bai kamata ya sayar da penta ba, ai ba zai buɗe littafi ya rubuta cewa ya sayar ba. Ɓarawo ba ya ba da rasit.

Matsalar littattafan nan ita ce kowanne a ɗakinsa yake kwana. Littafin Mafara bai san na Bakura ba, na Bakura bai san na Gusau ba. An yi su ne don a kama ma'aikacin da ke satar magani daga kabad, ba don a gane majinyacin da ke zagaya wuri uku ba.

A nan ne nake so mu leƙa Amurka, don su sun daɗe da cin karo da wannan. Jihar Kalifoniya ta fara tattara bayanan irin waɗannan magunguna tun 1939, da takarda. Yanzu abin ya koma kwamfuta: kantin magani ya ba ka maganin da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, sai ya tura bayanin zuwa rumbun jiha. Likita kafin ya rubuta maka sai ya buɗe ya ga abin da wasu suka ba ka. A jihar Kentaki a 2012 aka wajabta wa likitoci dubawa kafin su rubuta, jihar Niyok ta bi sahu a 2013. Mizuri ce ta ƙarshe, sai 2021 ta yi dokar kafa nata na jiha baki ɗaya, kuma abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne gardamar sirrin majinyaci.

Ni ba kwamfutar ce ta burge ni ba, ƙa'idojin shiga ne. Kasancewarka likita bai ba ka damar duba kowa ba. Sai wanda kake yi wa magani, ko wanda ya zo gabanka neman magani. Ka duba matarka, ko maƙwabcinka, ko budurwar ƙanenka, laifi ne da zai iya cinye lasisinka, a wasu jihohin har kotu. Kowa da lambar shigarsa, ko mataimakin da likita ya wakilta da tasa yake shiga, ba da ta maigidansa ba. Kuma duk wanda ya buɗe, na'ura tana rubuta sunansa da ranar da sa'ar. Wato mai duba littafi shi ma ana rubuta shi a littafi. Da akwai irin wannan a ɗakin fayil ɗin da aka tona asirin yarinyar unguwarmu, da mutumin ya yi tunani sau biyu.

Kada kuma ku ɗauka can ɗin aljanna ce. A 2013 a jihar Yuta, mofin ya ɓace daga motocin ɗaukar marasa lafiya na wata hukumar kashe gobara. Ɗan sandan da ke bincike, maimakon ya bi sawun ɓarawo, sai ya buɗe rumbun ya zazzage tarihin maganin ma'aikatan hukumar su kusan 480, ba tare da takardar kotu ba. Aka gurfanar da mutum biyu a kan abin da bai shafi satar ba, daga baya aka janye tuhumar, amma sunansu ya riga ya ɓaci. Sai a 2015 jihar ta gyara doka ta ce ɗan sanda ba ya shiga sai da sammacin alƙali. Akwai kuma wata illar. Da aka matsa wa likitoci, wasu suka tsorata suka yanke wa masu ciwo na gaskiya magani rana ɗaya, wasu daga cikin majinyatan suka koma sayen na titi wanda ya fi kisa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar rubuta irin waɗannan magunguna a 2016, a 2022 ta sake ta, ta amsa cewa an yi amfani da ta farkon ba yadda aka nufa ba, kuma ta faɗa ƙarara cewa ƙa'idar ba ta shafi ciwon sikila da na daji ba.

Wannan ya taɓa ni, don na ga irinsa da idona. Bayan ƙanena ya dawo daga Sakkwato, ciwon sikilar ai bai tafi ba. Wata rana da dare ya tashi masa, na gaske, muka kai shi wani wuri. Wanda ke bakin aiki ya riga ya ji labarinsa a gari. Ko taɓa shi bai yi ba ya ce, “Malam, ku mayar da shi gida, wannan allura yake nema.” Yaro yana kuka, idonsa ya yi ɗorawa, zazzaɓi kamar wuta. Wato labarin da ya kamata ya taimaka a yi masa magani da hankali, shi ya zama dalilin korarsa. Likitar Sakkwato ba haka ta yi da bayanin ba. Ita da ta san tarihinsa sai ta canja masa magani, ta tsara yadda za a rage a hankali, ta haɗa mu da masu kula da masu fama da shaye-shaye a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Bayani ɗaya, hannu biyu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Duk tsarin da za a kawo wanda zai mayar da su abin zargi, ni ba na goyon bayansa.

Yanzu bari in faɗi abin da na san wasunku suna ta rubutawa a zuci: Malam, duk wannan surutun littafi ne, ƙwayar da ke kashe matasanmu ai ba daga asibiti take fitowa ba. Gaskiya ne, kuma ba zan kauce mata ba. Mu da muka tashi a bakin dam ɗin Bakolori, wanda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, mun san yadda aikin shinkafa yake. Dashe, cira, yanka, bugu, mutum yana duƙe cikin ruwa tun asuba har rana ta take. 'Yan ƙwadago da yawa sun mayar da tiramadol abin karin kumallo, a jefa a shayi ko a lemon kwalba, wai don a yi aikin mutum biyu. Abin da NAFDAC ta yarda da shi a ƙasar nan mai ƙarfin 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a hannun matasa mai 200 ne, da 225, da 250, waɗanda ta ɓarauniyar hanya suke shigowa. A watan Fabrairu na 2025 binciken BBC ya nuna wani kamfani a Indiya yana haɗa wasu ƙwayoyi biyu, tapentadol da carisoprodol, yana turo su Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta hana haɗin bayan fitowar rahoton. Irin wannan kaya ba ya bi ta hannun likita, ba ya shiga littafin kowa. A leda yake, a aljihun mai tebur ranar kasuwa.

Kuma girman abin ba wasa ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol da kodin suka sha ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Arewa maso Yamma kusan mutum miliyan 3 ne, kuma a duk masu sha huɗu a ƙasar, ɗaya mace ce. Kun tuna a ƙarshen Afrilu na 2018 BBC ta fitar da rahotonta a kan kodin, washegari ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya sanar da hana shigo da shi don haɗa maganin tari. A 2024 kuma aka tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a Kano aka ce su koma cibiyar Dangwauro inda za a iya sa musu ido. Waɗannan duk toshe babbar ƙofa ne, aikin NDLEA da NAFDAC da kwastan.

Amma ƙanena ba ta babbar ƙofa ya faɗa ba. Ta hannun masu farin kaya ya bi, shi da ire-irensa: mai sikila, wanda ya karye a haɗarin babur, matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, dattijon da aka fara ba maganin barci bayan an sace ɗansa. Har da ma'aikatan lafiyar kansu, don penta ta ci ma'aikata da yawa, su da makulli ke hannunsu. Waɗannan littafi zai iya ceto su.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu a Zamfara wanda dole in taɓo, ko da a taƙaice. Kowa ya san ana kama masu kai wa 'yan bindiga ƙwaya daji, kuma kowa ya san abin da kalmar infoma take jawo wa mutum a wannan yanki, wani lokaci kafin a yi bincike. To ka ɗauka littafin da ke ɗauke da sunayen duk wanda aka ba tiramadol a wata uku ya faɗa hannun wanda bai san bambancin mai ciwon baya da dila ba. Sunan mahaifinka yana ciki, don an ba shi bayan tiyatar gwaiwa. Shi ya sa nake ganin a raba abu biyu. Mai sa ido ya zo ya ƙirga kwalabe, ya gwada abin da ya shigo da abin da ya fita, wannan aikinsa ne, a buɗe masa. Amma wanda ke son sunan wani mutum da tarihin maganinsa, ya zo da takardar kotu, kamar yadda sashe na 26 ya tanada. Ma'aikacin lafiya da ya ce a kawo takarda ba taurin kai yake yi ba.

Ni ba na cikin masu cewa sai an kawo kwamfuta kafin a fara. Mu da aka rufe wa layin waya a jihar nan a watan Satumba na 2021, muka koma zuwa Sakkwato ko Funtuwa don mu kira 'yan'uwa, mun san abin da ake nufi da dogara da intanet. Abin da likitar nan ta yi mana ya fi sauƙi. Ta sa muka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, ta rubuta sunan ciwonsa da magungunan da aka yarda a ba shi da waɗanda ba a yarda ba, ta sa hannu da lambar wayar sashensu. Ta ce duk inda aka ba shi maganin ciwo mai ƙarfi, a rubuta a ciki, a sa rana, a sa hannu. Littafin a hannunsa yake, shi ke miƙa wa wanda zai duba shi, ya karɓi abinsa. Wanda ba ya jinyarsa ba shi da hanyar gani. Na san mai son ɓoyewa zai iya barin littafin a gida, wannan gaskiya ne. Amma idan asibitocin ƙananan hukumomin nan uku suka yarda cewa mai yawan karɓar irin wannan allura ba a yi masa sai da littafinsa, in ba halin gaggawa ba, an rage rami babba. A ɗakin fayil kuma, rajista guda ta isa: wanda ya ɗauki fayil ya rubuta sunansa, da dalili, da lokaci. Biro da littafi ne, ba sai an jira kasafin kuɗi daga Abuja ba.

Ku kuma da ke karatu, musamman 'yan'uwana ɗaliban makarantun koyon aikin lafiya da ake turawa asibitoci sanin makamar aiki, na san yadda abin yake. Ƙawarki za ta ce don Allah duba mini fayil ɗin wance. Babban yaya zai kira ya ce kai da kake ciki, bincika mana yarinyar nan. Amsar ita ce, “Yaya, ka yi haƙuri, ba ni ke jinyarta ba, kuma akwai ɗauri a kai.” Idan maganar aure ce, akwai gwajin da ake yi kafin aure, su biyun su je da ƙafarsu, a ba su sakamako a hannunsu. Idan kuma kai ne aka tona wa asiri, ka rubuta ƙorafi ga shugaban asibitin, ka riƙe kwafi. Likita ne, akwai majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Nas ce ko ungozoma, suna da tasu majalisar. Mai kantin magani ne ko kemis, PCN. Iyayen yarinyar unguwarmu ba su kai ƙara ba, sun ce sun bar wa Allah, kuma ban ga laifinsu ba, don kai ƙarar ma wani tonon ne. Sai dai shirun nasu ne ya sa mutumin yake zaune a kujerarsa har yau.

Ƙanena yanzu wata goma sha huɗu kenan rabonsa da penta. Ƙafar ba ta koma daidai ba, yana ɗan ɗingishi, aikin cikin ruwa kuma an hana shi, sai ya koma awon shinkafa a kasuwar Talata. Littafin yana aljihun rigarsa cikin leda, ya kusa cika, jiya ma yake ce mini in sayo masa sabo idan na shiga gari. Yarinyar kuma ta yi aure bara, a wani garin.

Ma'aikatan lafiya da ke bin shafin nan, musamman na Mafara da Bakura da Maradun, ina so in ji daga gare ku: a wurin aikinku wa ke riƙe makullin ɗakin fayil, kuma ana rubuta sunan wanda ya ɗauka? Ku rubuto ba tare da ambaton sunan asibiti ko na majinyaci ba. Abin da kuka faɗa da shi za mu buɗe shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Sai an jima.